Baƙar Ƙwallo a Goshin Jirgi: Haƙƙin da ke Wuyan Mai Tsayuwa a Hanyar Ruwa

Mutumin Zangon Kwatano, ko ɗan kasuwa ne mai dakon fitowar kwantena daga hannun duwan, ko direban kamyo ne da ya saba haurawa da kaya ta Faraku da Malanbil da Gaya har ya dangana da Maraɗi, ko kuwa mai canjin kuɗi ne da ke zaune a inuwar masallaci, galibin arzikinsa ta teku Allah yake kawo masa shi. Amma duk da haka da wuya ka sami ɗaya daga cikinsu wanda zai iya faɗa maka abin da jiragen nan suke gaya wa junansu idan sun haɗu a kan ruwa. Ba abin mamaki ba ne, gama mu jikokin fatake ne, ilmin da muka gada na ayari ne da zango da madugu, kuma tun da aka buɗe tashar jiragen ruwa mai zurfi a 1965, wadda ta maye gurbin tsohuwar gadar ƙarfe da Faransawa suka fara kafawa a 1891, hulɗarmu da teku ba ta cika wuce ƙofar tasha ba. To, yanzu da hukuma ta ɗaura ɗamarar raya yawon buɗe ido a gaɓar nan, daga Fijirose har Wida, kuma ga masu hali sun fara sha'awar ƙananan jiragen shaƙatawa irin waɗanda suka daɗe da yawaita a Ikko, ya kyautu a yi bayanin wata mas'ala guda daga cikin ladubban hanyar ruwa, wadda ƙanƙantarta ta sa aka fi yi mata riƙon sakainar kashi, ita ce alamar da ake wajabta wa jirgi ya nuna da rana idan ya saki anka ya tsaya.

Wanda ya tsaya a bakin teku da hantsi ya dubi kudu zai ga jirage jere can nesa suna jiran a ba su gurbi a tasha, dukkansu sun fuskanci waje guda, domin jirgin da anka ta riƙe ta goshi yakan juya har ya fuskanci iska ko gudun ruwa, wanda ya fi ƙarfi a cikinsu. Daga tudu kowa ya san a tsaye suke, saboda jiya ma nan ya gan su. Amma matuƙin da ya taso daga Lome ko daga Ikko ba shi da labarin jiya, abin da idonsa ya ba shi a wannan sa'a shi kaɗai ne hujjarsa, kuma ido a kan ruwa mayaudari ne ƙwarai. A gaɓar nan ruwa yakan gudu daga yamma zuwa gabas, idan kuwa ya daki goshin jirgin da ke tsaye sai ya tsage ya yi kumfa ta gefe biyu, ya bar wani ɗan sawu a bayansa, kamar dai yadda jirgi mai tafiya a hankali yake yi. Sarƙar anka kuma, wadda ita ce za ta raba gardama, siririya ce, tana ƙarƙashin inuwar goshi, ba a ganinta sai an matso kusa, sa'ad da sanin ba shi da sauran amfani.

Dalilin da ya sa wannan sani ya zama lalura shi ne, dokokin kauce wa karo a teku an gina su a bisa rabon aiki tsakanin jirage biyu masu tafiya. Idan jirage biyu masu inji za su gitta wa juna, wanda ya ga ɗan'uwansa ta hannun damansa shi ne zai ba da hanya, ɗayan kuwa an umarce shi ya riƙe alƙiblarsa da saurinsa kada ya rikita mai kaucewa. Ka ga ke nan idan kyaftin ya ɗauki jirgin da ke tsaye a matsayin mai tafiya wanda kaucewa ta wajaba a kansa, zai miƙe abinsa bisa bin doka, yana sauraron wancan ya karkata, alhali wancan yana ɗaure da ƙasan teku, injinsa a kashe, mutanensa wataƙila suna cin abinci ko suna ƙailula. Jirgi mai gudun mil 12 na teku a sa'a yana cinye mil guda cikin minti 5, kuma ƙa'idar ƙera manyan jirage ta yarda jirgi ya ci tsawon kansa har sau 15 kafin ya tsaya cik bayan an mayar da inji baya, wato mai tsawon mita 200 yana iya shafe kilomita 3. Wanda ya gane gaskiya a makare ba shi da birkin da zai taka.

Maganin da ma'abota teku suka yi ittifaƙi a kansa yana cikin ƙa'idojin da aka rattaba wa hannu a Landan ranar 20 ga Oktoba 1972, a ƙarƙashin hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin teku, waɗanda suka fara aiki ranar 15 ga Yuli 1977, kuma Benin da Nijeriya duk suna cikin ƙasashen da suka karɓe su. Asalinsu ya girmi haka nesa, domin tun 1863 Ingila ta tsara nata dokokin da shawarar Faransa, sauran ƙasashe suka bi sawu, aka yi babban taro a Washinton a 1889, aka sake bita a 1948 da 1960. Ƙa'ida ta 30 ita ce ta yi magana a kan jirgin da ya saki anka: da dare ya kunna farar fitila mai haskawa ta kowace fuska a sashen gaba, da wata a baya wadda ba ta kai ta gaban tsawo ba, sai dai wanda bai kai mita 50 ba fitila guda ta isar masa, da rana kuwa ya rataya ƙwallo guda a sashen gaba, a inda za a fi ganinta. Ratayen farko na ƙa'idojin ya ƙayyade cewa ƙwallon baƙa ce, faɗinta kada ya gaza santimita 60, wanda shi ne ƙafa 2 da ke cikin dokar 1960 aka mayar da shi lissafin mita, amma an yi sassauci ga jirgin da bai kai mita 20 ba ya rataya ƙarama daidai girmansa.

Akwai hikima a cikin kowane ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa. An zaɓi ƙwallo saboda siffarta ba ta sākewa ko ta ina aka dube ta, saɓanin tuta, wadda takan lanƙwashe ta manne da sanda idan iska ta kwanta, ko ta miƙe ta ba mai kallo gefenta idan iska tana busowa daga wajensa. An zaɓi baƙi saboda nisa da ƙyallin rana suna cinye launi, ja da kore da shuɗi duk sukan koma toka-toka, abin da ke saura shi ne duhun abu a jikin hasken sama. An ce a gaba saboda nan sarƙa take, kuma matuƙa sukan saki sarƙa ninki 4 ko 5 na zurfin ruwa ko fiye, ta yadda a ruwa mai zurfin mita 10 akwai wajen mita 50 na ƙarfe ko igiya shimfiɗe a gaban jirgi, wanda duk ya gitta ta nan kurkusa yana iya naɗe ta a farfelarsa. Wanda ya riƙa irin ta ƙananan jirage a hannu zai yi mamakin sauƙinta: faifai biyu ne na baƙar roba, kowanne da tsaga har tsakiya, a zura ɗaya cikin ɗaya su gicciye, sai ga shi daga nesa sun zama ƙwallo, akwai huda a sama da za a ɗaura igiyar ja, da huda a ƙasa da za a ɗaure ta da dandamalin jirgi don kada iska ta yi ta wurgi da ita, idan an gama a zare su a kwantar a ƙarƙashin kujera. Ba ta cin mai, ba ta cin batir, kuɗinta bai kai na man fita guda ba.

Ƙwallo guda harafi ɗaya ne a cikin ɗan gajeren harshe. Biyu a jere, ɗaya bisa ɗaya, suna nufin jirgi ya kuɓuce wa masu shi, inji ko sitiyari ya lalace. Uku suna nufin ya kafe a ƙasa. Ƙwallo sama da ƙasa da siffar mazurari biyu haɗe baki da baki a tsakaninsu, jirgi ne da aikinsa ya hana shi kaucewa, irin masu yashe mashigin tasha. Mazurari biyu haɗe tsini da tsini, masunta ne da taru a ruwa. Mazurari guda mai tsini ƙasa, jirgin filafilai ne da ya kunna inji, saboda haka ya fita daga alfarmar da ake yi wa masu tafiya da iska. Direbobinmu ba baƙi ba ne ga wannan tunani, domin wanda motarsa ta mutu a kan hanyar Faraku, kafin ya nemi makaniki sai ya karyo ganye ya jera a kwalta gaba da baya, ya sanar da mai zuwa cewa abin da ke gabansa ba ya motsi, kuma duk direban da ya ƙi yin haka aka afka masa, 'yan'uwansa ma ba za su tsaya masa ba.

Sai mu zo ga inda gardama take, wato jiragen shaƙatawa. Da yawa daga masu su, a Turai da Amurka da nan gaɓarmu, suna ɗauka cewa ƙwallo ta manyan jiragen kasuwanci ce, kuma wanda ya fita shan iska ranar Lahadi da iyalinsa ba shi ne ake nufi ba. Nassin bai goyi bayansu ba. Ƙa'ida ta 1 ta ce hukuncin ya hau kan dukkan jirage a teku da ruwayen da ke haɗe da ita waɗanda jiragen teku ke iya bi, ƙa'ida ta 3 kuma ta fassara jirgi da duk wani abin hawa na ruwa, ba ta tambayi niyyar mai shi ba, ko neman riba ya fito ko nishaɗi. Rangwamen da aka yi guda ne, kuma yana da sharaɗi biyu da sai sun taru: jirgin ya gaza mita 7, kuma ya zamana bai tsaya a cikin ƙuntataccen mashigi ko kusa da shi ba, ko a matsayar jirage, ko a inda jirage suka saba bi. Mutane sukan haddace sharaɗin farko su mance na biyu, alhali wuraren da mai shaƙatawa ya fi so su ne waɗanda sharaɗi na biyu ya fitar, domin ruwa ya fi kwanciya a bayan katangar tasha, kifi ma ya fi taruwa a bakin mashigi. Wanda ya san Ikko, inda ƙungiyar masu jiragen filafilai ta kafu tun 1932, ya san Tarkwa Bay, wurin shan iskar da ke maƙwabtaka da mashigin da manyan jirage ke bi zuwa Apapa. Amurka ta yi wa nata ruwayen cikin gida wani sassauci, ta keɓe wasu matsayai na musamman inda jirgin da bai kai mita 20 ba zai kwana ba fitila ba ƙwallo, amma wannan hukuma ce ta shata wuraren ta sa su a taswira, mai jirgi ba shi da ikon yanke wa kansa irinsa. Masana sun yi saɓani a kan jirgin da aka ɗaure a jikin tulun ƙarfe mai iyo wanda aka kafa dindindin, ko shi ma mai anka ne ko kuwa hukuncinsa na wanda aka ɗaure a gaɓa ne, kuma tun da nassi bai fayyace ba, abin da hukumar tasha ta tsara a wurin shi ake bi.

Masu ƙin ratayawa suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Sukan ce ƙwallon ƙaramin jirgi ba ta ganuwa daga nesa, wannan kuwa gaskiya ne, gama ko mai santimita 60 ɗin, a nisan mil guda ta kai iyakar abin da lafiyayyen ido ke iya rarrabewa, balle wadda ba ta kai ta ba. Sai dai matuƙin babban jirgi da tabaran hangen nesa yake aiki, kuma abin da yake nema idan ya ɗora shi a kan ƙaramin jirgi shi ne wannan ɗigon baƙi. Sukan ce kowa ya ga jirgi da filafilai a naɗe da mutane suna wanka a gefensa ya san a tsaye yake; amma jirgin da ya kashe inji ya bar ruwa yana tafiya da shi haka kamanninsa suke, shi kuwa a shari'ar teku mai tafiya ne, kaucewa tana iya wajaba a kansa. Sukan ce zamani ya wuce nan, yanzu akwai na'urar AIS mai sanar da sunan jirgi da matsayinsa da saurinsa. Amma wajabcinta yana kan jiragen fasinja da manyan jirage masu ƙetare ƙasashe daga tan 300 zuwa sama, mafi yawan ƙananan jirage ba su da ita, kuma ko a manyan ma, rubutun da ke cewa jirgi yana kan anka hannun mutum ne ke sa shi, mutum kuwa ɗan mantuwa ne. Hujjar da ta fi ƙarfi a zukatansu, ko da ba su furta ta ba, ita ce ba a taɓa kama kowa ba. A ganina wannan ita ce mafi rauni, domin ranar da ake tambayar ƙwallo ita ce ranar da aka riga aka yi karo, mai tambayar kuma alƙali ne ko wakilin kamfanin inshora.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar wannan babi ba, ko da yake ɗaliban da ke karanta Muhtasar na Shehu Halil a zaurukan Kano da Zariya da nan Zango sukan wuce wurin da sauri, saboda ba su ga ranar da za su buƙace shi ba. A babin jinane an bambanta karon mahaya biyu da karon jirage biyu: mahaya ana ɗaukarsu a kan ganganci har sai akasinsa ya bayyana, saboda linzami yana hannunsu, jirage kuwa ana ɗaukarsu a kan gajiyawa, saboda iska ce ke tafiyar da su, sai fa idan ta tabbata matuƙan suna da ikon karkatarwa ba su yi ba, sa'an nan lamuni ya hau kansu, kuma ba a ƙidaya duhu ko tsoron nutsewa a cikin gajiyawa ta haƙiƙa. Ba fatawa nake bayarwa ba, wannan aikin ma'abotansa ne, amma mai hankali zai ga cewa illar hukuncin ita ce iko da sakaci, kuma inji ya mayar da jirgin yau kusa da doki mai linzami, mai anka kuwa, wanda ba shi da ikon kaucewa, yana da cikakken ikon sanarwa. Dokokin Turawa ma nan suka nufa ta wata hanya. Yarjejeniyar Burusal ta 1910 ta ce idan laifi na ɓangare biyu ne a raba diyya gwargwadon laifin kowa, idan kuwa ƙaddara ce tsantsa kowa ya ɗauki asararsa, ko da ɗayansu yana kan anka. Kotun ƙolin Amurka, a shari'ar jirgin Oregon ta 1895, ta ɗora zaton laifi a kan mai tafiya idan ya daki na tsaye. Amma tun kafin nan ta yi hukunci a kan wani karo da aka yi cikin hazo a 1869 tsakanin jirgin tururi Pennsylvania da jirgin filafilai Mary Troop, wanda yake kaɗa ƙararrawa alhali doka ta ce mai tafiya ƙaho zai busa, ta ce wanda ya saɓa wa dokar da aka kafa don hana karo, shi ne zai kawo bayyina cewa saɓawarsa ba za ta yiwu ta zama sanadi ba, aka kuwa raba asarar tsakaninsu. Mai jirgin shaƙatawa da aka daka yana tsaye ba ƙwallo, ya shiga shari'a da rinjaye a hannunsa, ya kuma ba abokin shari'arsa abin da zai rage shi da shi.

Adalci ya sa a ambaci masunta. Manyan kwale-kwalen da ke fita daga tashar masunta ta Kwatano, waɗanda ake sassaƙa gindinsu daga itace guda a Gana, da yawansu sun haura mita 7 nesa, saboda haka a zahirin nassi hukuncin ya hau kansu, ga shi kuwa ba su da jigon ratayawa, kuma ba wanda ya taɓa zama da su ya karanta musu ƙa'ida ta 30 da harshensu. Haka nan mashigin da Faransawa suka haƙa a 1885 ya haɗa tafkin Nokuwe da teku, wanda ya ratsa ta gefen kasuwar Dantokpa, da tafkin kansa inda mutanen Ganbiye suka kafa gidajensu da shingayen kifinsu a kan ruwa, can al'ada ce ke mulki, kowa ya san kowa, kira da ɗaga hannu sun wadatar, kuma ƙa'idojin da kansu sun bar wa hukumar kowace ƙasa ikon tsara dokar tafkunanta da kogunanta. Ban ga laifin a yi wa waɗannan uzuri ba har a ilmantar da su. Wanda ba shi da uzuri shi ne mutumin da ya iya sayen jirgi na miliyoyin sefa da inji biyu a bayansa, ya iya karatu, ya kuma zaɓi ya tsaya a inda jiragen duniya ke bi. Akwai ma wani dalili na musamman a wannan ruwa namu: tun shekarar 2011, da 'yan fashin teku suka addabi jiragen dakon mai a gaban Kwatano har Benin da Nijeriya suka haɗa sintiri, aka kuma kafa a garin nan cibiyar tsaron teku ta shiyyar da ta haɗa Benin da Togo da Nijeriya da Nijar, ƙaramin jirgi mai inji da ya yi shiru kusa da matsayar manyan jirage abin tuhuma ne ga masu gadi, kuma duk abin da zai bayyana halinsa tun daga nesa maslaha ce gare shi kafin kowa.

Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, idan hazo ya sauko daga arewa ya rufe gaɓa har jiragen da ke jira suka ɓace wa mai kallo daga tudu, ƙwallo ba ta isa ita kaɗai, sai ƙa'ida ta 35 ta shigo: mai anka ya kaɗa ƙararrawa da sauri na kamar daƙiƙa 5, kada tsakanin kaɗawa da kaɗawa ya wuce minti guda, wanda bai kai mita 20 ba kuwa, in ba shi da ƙararrawa, ya yi wata ƙara mai ji kada ya wuce minti 2 bai yi ba, kuma wajibi ne ga mai fitila ya kunna ta da rana idan gani ya ragu. Wajabcin ƙwallon kansa na yini ne, fitila kuma daga faɗuwar rana zuwa fitowarta, shi ya sa matuƙa na ƙwarai sukan haɗa su biyun a lokacin almuru da sanyin asuba. Kamar yadda ratayawa ta wajaba, haka saukewa: a manyan jirage, da zarar mai kula da goshi ya sanar cewa anka ta rabu da ƙasa, ana sauke ƙwallon nan take, domin daga wannan lokaci jirgin ya koma cikin masu tafiya, duk hukuncin ba da hanya ya dawo kansa. Masu ƙananan jirage da suka koyi ratayawa sukan mance da wannan rabin, su tayar da inji su kama hanyar gida da ƙwallo tana lilo a goshi, suna shaida wa duk wanda ya ɗora musu tabarau cewa a tsaye suke alhali suna gudu.